Goshin ɗiyanmu na tafiya: laifin masu kitso ne ko namu?

Maman Nana, Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da Salla. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a ce na zo cin mutuncin sana'ar kowa. Ɗiyata mai shekara 7 aka yi wa rasta da meshi, gashin roban nan da ake ƙarawa a kitso, na Salla. Daren nan rub da ciki ta kwana, don ƙeyar ba ta iya taɓa matashin kai. Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙananan ƙuraje farare sun jeru a layin goshi, kowane gindin kitso da nashi. Da na kwance mata, gashin gaba ya biyo meshin, da wani ɗan farin abu a gindinshi. Yanzu gefen goshin duka biyu fayau. Zai sake fitowa? Wane mai zan shafa mata?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Ayya, sannu. Ki samu man kaɗe mai kyau ki haɗa da man shanu, safe da dare.

Amaryar Tibiri: Ruwan albasa, Anti. Ki markaɗa ki tace ki riƙa goga mata. Wasu na ƙarawa da tafarnuwa.

Anti Sajfam (ungozoma): Don Allah kada a sa wa yarinyar nan albasa ko tafarnuwa a kan fatar da ke da ƙuraje. Tafarnuwa ɗanya tana ƙona fata, na ga waɗanda ta bar wa tabo. Maman Nana, kwantar da hankalinki. Farin abin da kika gani ba shi ne tushen ba. Tushen yana cikin fata, ɗan rami ne da gashi ke tsirowa daga ciki, kuma ja na sau ɗaya da wuya ya kashe shi. Abin da za ki yi shi ne ki bar kan nan ya huta. Ki wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ki yi mata kalaba manya huɗu ko shida sako-sako, gashin gaban kuma kada a kama shi sam. In ƙurajen sun yi mugunya ko wurin ya kumbura, ki kai ta asibiti. Gashi na tsawon kusan santimita 1 ne a wata, saboda haka kada ki duba bayan sati ki ce bai fito ba. Ki ba shi wata uku zuwa shida.

Mai kuwa ki shafa, ba laifi, yana hana bushewa. Amma ba rashin mai ya cire gashin nan ba, kuma ba mai zai maido shi ba. Ja ya cire shi.

Maman Nana, Ali Ɗan Sofo: Na gode Anti. Wallahi har na ji sanyi. Amma ni abin da ke ci mini rai, yarinya na kuka tana cewa da zafi, matar nan sai cewa take yi ado sai da wuya.

Maman 'Yan Biyu: Duk halinsu ɗaya ke nan. Su danne kan yaro tsakanin gwiwoyi, su ja har idon yarinya ya koma sama. Ka yi magana a ce ka fiye tausayi.

Mai Kitson Bagalam: To, na ga an fara da mu. Maman 'Yan Biyu, "duk" ɗin nan ta yi yawa. Bari in faɗa muku abin da ke faruwa a ƙarƙashin rumfata, sai ku yi hukunci.

Uwa za ta kawo ɗiyarta jajibirin Salla, ba kwana biyar kafin ba, jajibiri, lokacin da mutum goma ke zaune a tabarma suna jira. Maganarta ta farko: "Ki kama shi da kyau, ina so ya kai ta komawa lakwal." Ta biyu: "Kada ki bar mini ko sili ɗaya a gaba." In na yi sako-sako, bayan kwana goma ya fara tashi, sai a bi unguwa da ni a ce hannuna ya mutu, a koma wurin wadda ke ja. Ni na sani sarai gashin goshi bai da ƙarfin ɗaukar meshi, siriri ne, na yaro kuwa ya fi. Amma wadda ta biya jika biyu ko uku so take kuɗinta ya yi wata biyu a kan yarinya. Kitson da zai yi wata biyu bai motsa ba, dole a ja shi. Ba wata dabara.

Ban wanke kowa ba. Akwai masu mugun hannu a cikinmu, akwai kuma yaran da ba su gama koyo ba ake sakar musu kan mutane lokacin Salla. Amma ku ma ku dubi abin da kuke tambaya.

Maman 'Yan Biyu: Yaya, ai ke ce gwanar. In na je wurin tela na ce ya yi mini abin da zai ɓata atamfa, shi zai ce mini a'a. Ke me ya hana ki ce a'a?

Mai Kitson Bagalam: Ina cewa. Sai ta ɗauki ɗiyarta ta tsallaka titi. Gobe in ci me?

Anti Sajfam: Ku biyun kuna da gaskiya, shi ya sa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ni abin da nake so kowace uwa ta riƙe shi ne alamomin. In ana kitso kika ga fata ta ɗaga ta yi tsini a gindin kitson, ya yi tsauri. In yarinya ba ta iya ɗaga gira ko sunkuyar da kai, ya yi tsauri. In sai an ba ta farasitamol kafin ta yi barci, a kwance shi a daren, ko nawa aka biya. Ciwon kitso ba abin da za a daure ba ne, jiki ne ke kai ƙara.

Abin da ya sa nake tsananta magana: da farko gashin na dawowa. Amma in aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, ramukan nan sai su mutu su zama tabo, wurin ya yi santsi yana ƙyalli, ba ka ganin ko ɗigon rami. Kun san itacen bakin rijiya, yadda igiyar guga ke cin shi a hankali har ta yi mishi kwari? Ba ja ɗaya ya yi wannan ba. To in aka kai nan, babu man da ke tsirar da gashi, ko daga ina aka kawo shi. Ina ganin mata 'yan shekara talatin a wurin awo, in sun zame ɗankwali goshi ya kai tsakar kai. Tun suna firamare aka fara.

Hajiya Inna, Maradawa: Salamu alaikum ɗiyana. Jikata ta karanta mini abin da kuke ta hwaɗi, na ce ta rubuta mini nawa. Mu da munka tashi ba mu san meshi ba. Gashinka shi aka kitsa ma. Ranar wankin kai, sai a jiƙa yoɗo cikin ruwan ɗumi a ƙwarya, a bar shi har ya yi yauƙi, in ka ɗaga hannu yana bin yatsu. A zuba ma a kai, a bi da yatsu daga bakin gashi zuwa gindi, duk inda ya cukuiɗe sai ya saki da kanshi. Ba a kai mashaci sai gashi ya yi laushi. In an ɗauraye, a zauna a inuwa ya sha iska, sannan a kawo man shanu a bi tsaga-tsaga. Mai kitso ta zo gida, a ba ta hatsi ko 'yan kuɗi, ana hira ana yi, babu mai koran wani. Manyan mata su yi doka su sa shuni. Yara kuwa kitso 'yan ƙwarori ne, sati biyu a tsehe a sake.

Ban ce da can ba a ja ba. Ana ja, doka ma ba wasa ba ce. Amma ba a rataya wa yaro kaya har gadon baya.

'Yar Jami'a: Inna, Allah ya ƙara lafiya. Yoɗon nan da kuka bari shi ne yanzu ake ƙullawa a leda mai hoto ana sayar wa mata a Turai da Amurka da tsada. Mu kuma nan muna raina shi saboda na miya ne.

Hajiya Inna, Maradawa: Ba mu munka bari ba, ɗiyata. Ku kunka bari.

Malama: Assalamu alaikum. Na jira in ga ko wata za ta taɓo gefen addini, ba a taɓo ba. Kafin maganar goshi akwai maganar halacci. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Kuma ku dubi dalilin da aka yi tambayar: wata mata ce ta zo ta ce ɗiyarta amarya ce, ƙyanda ta zubar mata da gashi, ko ta ƙara mata? Ba a ba ta dama ba. In amaryar da ciwo ya ci wa gashi ba a yarje mata ba, ina ga mai yi don Salla?

Uwargida Mai Meshi: Malama, da girmanki, amma meshin da muke sayarwa ba gashin mutum ba ne. Zaren roba ne. Wanda ake kira Kanekalon ma wani kamfanin Japan ne mai suna Kaneka ya fara yin shi tun 1957, masana'antu ke saye suna sarrafawa. Ni na ji malamai na cewa gashin mutum aka hana.

Malama: Uwargida, kin ji daidai, amma rabi kika ji. Akwai saɓani. Laisu ɗan Sa'ad da malaman Hanafiyya sun tafi a kan cewa gashin ɗan Adam ne abin hani, ulu ko zare ba laifi. Abin da aka ruwaito daga Imamu Malik kuwa, wanda mazhabarshi muke bi a ƙasar nan, hanin ya game duk abin da aka sadar da gashi. Inda kusan kowa ya sassauta shi ne zare mai launi wanda duk mai ido ya san ba gashi ba ne, don babu yaudara a ciki. To ki faɗa mini tsakani da Allah, meshin nan baƙi da ake zaɓa ya dace da launin kai, don ya yi kama da me ake zaɓen shi?

Sai kuma tsarki. Ummu Salama ta tambayi Annabi ko sai ta kwance kitsonta don wankan janaba, ya ce a'a, ta kwarara ruwa sau uku a kai ya isa. Wannan sauƙi ne ga kitson da ruwa ke ratsawa. Malamanmu sun ce in ya yi tsaurin da ruwa bai kai fata, ko an cika shi da zaruruwa, sai an kwance. Ina so mai girefaj, wato ƙarin gashin da aka ɗinke ko aka manne da gam a kai, ta tambayi kanta ta ina ruwa ke shiga.

Amaryar Tibiri: Malama, kitson zare fa? Wanda ake naɗe gashi da baƙin zare ya miƙe?

Malama: Wannan naɗi ne, ba ƙari ba, ba wanda zai gan shi ya zaci gashi ne. Maganar wanka dai tana nan, ki tabbata ruwa na kai wa fata.

Uwargida Mai Meshi: Ni dai ba zan yi jayayya da Malama a kan hadisi ba. Amma kayan nan ba ni na ƙirƙiro son su ba. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 a nan Nijar, kaya suka daina shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa yadda aka saba, kuɗin fakiti ya tashi, na ɗauka mata za su haƙura. Ina! Sai ma aka koma wanke tsohon meshi ana sake kitsawa, wata ma ta ara wurin maƙwabciya. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan sabo.

Shugabar Zaure: Jama'a, Malama ta kawo hujja ta kuma faɗi saɓanin da ke akwai. Kowa ta tambayi malamin da ta amince da shi. Kada wata ta kira wata la'ananniya a nan, na share saƙo ɗaya, mai shi ta san kanta.

'Yar Jami'a: Tunda an zo kan roba, bari in ƙara wani abu. A watan Fabrairun 2025 wata ƙungiyar kare masu saye a Amurka, Consumer Reports, ta gwada meshin roba iri 10 da ake sayarwa can. Duka goman an samu sinadaran da ake dangantawa da ciwon daji a cikinsu, 9 kuma akwai dalma. Gwajin bai nuna cewa wata ta kamu da ciwo saboda meshi ba, abin da ke cikin kayan kawai ya auna. Amma ku tuna yadda muke yi da shi: yana kwance a kan fata sati da sati cikin zufar watan Afrilu, ana tsoma bakinshi a tafasasshen ruwa, wasu na ƙona bakin da ashana ko kyandir, hayaƙin na shiga hancin mai kitso da yarinya. Ƙanana kuma har tauna bakin kitson suke yi.

Mai Kitson Bagalam: Hayaƙin nan kam ni shaida ce. Ranar da na yi rasta da yawa da ƙuna, da ciwon kai nake kwana, yatsuna kuma duk sun yi kanta. Na daina ƙonawa, ruwan zafi nake sa wa, a waje ba cikin ɗaki ba. Masu cewa meshi na sa su ƙaiƙayi kuma, ina ce musu su jiƙa shi a ruwa da ɗan binegar kafin su kawo, su ɗauraye su shanya. Za ki ga wani farin abu ya taso saman ruwan. Da yawa sun ce ƙaiƙayin ya ragu.

'Yar Jami'a: Yana iya rage ƙaiƙayi, Yaya, amma kada a ɗauka ya fitar da dalma.

Uwargida Mai Meshi: Wannan yarinya so take ta rufe mini shago.

'Yar Jami'a: Haba Hajiya, ai kina sayar da man kaɗe da lalle ma. Mu koma can.

Maman 'Yan Biyu: Ni matsalata daban. Gashina irin mai taurin nan ne, mashaci ba ya shiga sai na sa defirizan, man miƙar da gashi. Ina sawa, washegari in je a yi mini kitso don ya fito sumul. Shekarun nan gaban sai ja da baya yake yi, bakin kuma na karyewa.

Anti Sajfam: Kin haɗa biyun da suka fi kowane haɗi ɓarna. Defirizan ko dai mai soda ne, irin sodar da ake sabulu da ita, ko wanda aka rubuta wa "babu soda", shi ma ɗan uwanta ne a ƙarfi, sunan sinadarin ne ya canza. Aikinshi ya karya ƙullin da ke cikin silin gashi don ya miƙe, kuma abin da ya karye ba ya komawa. Gashin da aka raunana jiya, yau a ja shi a rataya mishi meshi, me kike jira? In dole sai kin sa, ki bar aƙalla sati biyu kafin kitso, sati takwas ko fiye tsakanin sawa da sawa, kuma a sabon tsiro kawai, ba a sake bi ta kan wanda ya riga ya miƙe ba. Zancen "bar shi ya ci sai kin ji zafi" kuwa, zafin nan ƙuna ce. Ɓawon da ke fitowa bayan kwana biyu ba amosani ba ne, gyambo ne ke warkewa.

Yara kuwa ko wanda aka zana hoton yarinya a kwalinshi, ni ban yarda a sa musu ba.

'Yar Jami'a: Akwai kuma binciken da cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar a Oktoban 2022, wanda ya bi mata fiye da 33,000 tsawon shekara kusan 11. Waɗanda ke sa man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara, an ƙiyasta kusan 4 cikin 100 za su kamu da ciwon dajin mahaifa kafin shekara 70, waɗanda ba su taɓa sawa ba kuma ƙasa da 2 cikin 100. Masu binciken da kansu sun ce alaƙa suka gani, ba su tabbatar da wane sinadari ba ne. Ciwon ba mai yawa ba ne, amma ninki biyu ba abin wasa ba ne.

Maman 'Yan Biyu: To in na bari, ya zan yi da wannan gashi? Ku ba ku san shi ba ne. Mashaci nawa ya karye a ciki.

Mai Kitson Bagalam: Na san irinshi, shi ne ma ya fi riƙe kitso. Matsalar a bushe kuke shace shi. Gashinmu a murɗe yake, man da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarowa har baki, shi ya sa bakin ke bushewa, ga hunturu ga ƙurar Maradi. Mai kuma ba ya jiƙa gashi, rufe danshi yake yi. In kika shafa a busasshen kai, kin rufe bushewa ne kawai. Ruwa tukuna, sannan mai.

Inda aka fi asara ma wurin tsifa ne. Kitso ya yi wata da wani abu, kin zare meshi, za ki ga wani ɗan dunƙule fari-fari a gindin kowane kitso, datti ne da mai da gashin da ya riga ya faɗi. Kada ki kai ruwa, kada ki kai mashaci. Ki ɗiga mai a yatsa ki murza dunƙulen a hankali, ki ware shi sili-sili har ya fita, sannan ki wuce na gaba. In kika zuba ruwa da sabulu kafin haka, sai ya dunƙule ya zama tabarma, ƙarshenta almakashi. Mata nawa suka zo mini da kuka a kan wannan. In kin gama warewa, ki raba kan gida huɗu, ki wanke da yoɗon Inna, ki fara shacewa daga baki kina hawa, da mashaci mai manyan haƙora.

Amaryar Tibiri: Ni in na tsefe, gashin da ke fita cike da hannu yake. Tsoro nake ji wallahi.

Anti Sajfam: Ba duka ne asara ba. Kowane mutum na zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. In kan na kitse, ba su da hanyar faɗuwa, suna nan maƙale. Sati shida, kin ga sili dubu biyu ko fiye ke jiran ranar tsifa. Ki duba su: in dogaye ne da ɗan fari a gindi, faɗuwa ce ta al'ada. In gajeru ne guntu-guntu, karyewa ce, nan ne za ki binciki abin da kike yi wa kan.

Kuma ba kowace zubewa ce ta kitso ba, kada mu ɗora wa Yaya ta Bagalam abin da ba nata ba. Mai jego, wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa gashi na zuba sosai, yawanci ya daidaita kafin yaro ya shekara. Gab da lokacin nan ne kuma ake son yin kitson fita arba'in mai nauyi, ku yi hattara. Ƙarancin jini ma na zubar da gashi, kuma yana da yawa a matanmu, a je a auna. Yaro kuma in kika ga wuri zagaye ya yi fari-fari yana ɓarewa, gashin ya guntule, makero ne. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai maganin sha na makonni da likita zai rubuta, kuma yana bin mashaci da kibiya daga kai zuwa kai.

Mai Kitson Bagalam: Wannan gaskiya ne. Ni yanzu yaro mai makero ba na taɓa shi da kayana, sai uwar ta zo da nata. Wasu su ji haushi, su ji.

Maman Nana, Ali Ɗan Sofo: Anti, wata ta turo mini hoton wani ɗan tub ta ce in saya a kasuwa, wai yana fitar da goshi cikin sati biyu.

Anti Sajfam: Kada ki saya. Da yawa daga tub ɗin nan irin na masu bilicin ne, suna sirantar da fata, a kan makero kuma ƙara mishi ƙarfi suke yi. Babu abin da ke fitar da gashi cikin sati biyu. Ga manya akwai minoksidil a farmasi, yana taimaka wa wasu in ramukan ba su mutu ba, amma sai an yi watanni, kuma ba na mai ciki ko mai shayarwa ba ne, ba na yara ba ne.

Hajiya Inna, Maradawa: Ku ƙara da ɗaurin kallabi. Ina ganin ɗiyan yanzu sun tamke gashi baya da roba, sun ɗora hula mai matsewa, sun ɗora hijabi, tun sahe har dare, wuri guda kullum. Wani lokaci ma kan da danshi. Ko ba kitso wannan ya isa ya ci goshi. In kun shiga ɗaka ku sassauta.

Malama: Inna ta yi gaskiya. Ba inda aka ce sai an tamke har jijiya ta fito kafin a ce an rufe.

Amaryar Tibiri: To yanzu ga aiki ya taso. Bikin ƙanwata ya kusa, kuma dangin miji Katsinawa ne, kun san su da kallon kai ranar kamu. Gashinta bai da tsawo. Malama ta ce ban da meshi, Anti ta ce ban da defirizan. Yaya ta Bagalam, me ya rage?

Mai Kitson Bagalam: Da yawa. Ki kawo mini ita tun yanzu, ba ana gobe ba. Mu tsefe, mu wanke, in yi mata kitson zare ya kwana biyu-uku a kai, zai miƙar da gashin ba wuta ba magani, za ki yi mamakin tsawon da ke ɓoye a ciki. Ana saura kwana biyu in yi mata ƙananan shuku ko zane da gashinta, tsaga mai tsabta, in bar silin gaba in kwantar da su da mai. Amma in faɗa miki tun yanzu: ba zai yi wata biyu ba. Sati biyu, uku in ta riƙa ɗaura ɗankwali mai santsi da dare. Kuma ƙananan kitso a gajeren gashi ya fi rasta cin lokaci, kuɗina ba zai ragu ba don babu meshi.

Maman 'Yan Biyu: Kun ji ko? Kitson sati biyu, kuɗin na wata biyu. Mai ɗiya huɗu mata ta yi yaya? Nan fa maganar take, duk sauran bayani ne.

Mai Kitson Bagalam: Mai ɗiya huɗu ta koyi kalaba da hannunta, ta kawo mini su lokacin Salla da biki. Duk wadda ke so ta zo ranar Talata da hantsi, lokacin ba kowa, ta zauna kusa da ni ta gani. Ba na karɓar ko dala a kan wannan.

Maman 'Yan Biyu: Zan zo. Amma maganar kuɗin amarya ba mu gama ba, sai kin rage wa yarinyar nan.

Amaryar Tibiri: Yauwa Maman 'Yan Biyu, taya ni. Yaya, dala ɗari za ki cire mana ko mu zo da man shanunmu?

Mai Kitson Bagalam: Ku zo da man shanun, na Dakwaro in da hali. Dala ɗarin kuma sai na ga kan tukuna.